Ɗumama ɗakin sana'a a sanyin Kanada: ina zafin yake zurarewa, kuma me ya kamata a fara saya?

A birnin Winnipeg na lardin Manitoba, sanyin dare a watan Janairu yakan tsaya a kusan digiri 21 ƙasa da sifili, kuma ba baƙon abu ba ne a wayi gari ya kai 30. Gidajen kwana an gina su ne da sanin haka: bango mai kauri, taga mai gilashi biyu ko uku, da na'urar ɗumama gida da ke aiki dare da rana. Ginin da aka fi mantawa da shi shi ne garejin da ke can ƙarshen fili, ware da gida, ƙofarsa na kallon lungun baya. Don mota aka yi shi, saboda haka katako ne kawai da rufi da daɓen siminti. Mutane da yawa, har da 'yan uwanmu da suka koma can da zama, suna mayar da irin wannan gini wurin sana'a: kafinta, gyaran keke da ƙananan injuna, ɗinki, ko haɗa kayan da ake sayarwa ta intanet. Da rani lafiya lau. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa, yatsu kan sandare kafin mutum ya gama auna katako ɗaya.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce wace hita zai saya. A ganina wannan ita ce ta biyu. Ta farkon ita ce: zafin da zan saya da kuɗina, ta ina zai fita, kuma da wane sauri? Wanda ya kunna hita a gareji mai bangon katako zalla, ɗibar ruwa yake yi da kwando. Hitar tana iya ƙoƙarinta, mita tana gudu, sanyi kuma yana nan inda yake.

Bari mu yi lissafin da ɗaki na gaske, mai faɗin ƙafa 12, tsawon ƙafa 20, tsayin bango ƙafa 8. Bangonsa huɗu sun tashi murabba'in ƙafa 512, silin kuma 240. A Kanada da Amurka ana auna ƙarfin abu wajen tare zafi da lambar da ake kira R, kuma za ka gan ta a rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kowane ƙunshi a shagon kayan gini. Yadda lambar ta ƙaru, haka zafi ke shan wuyar ratsawa. Bangon katako da ba a cusa masa komai ba bai wuce R-3 ba. Idan kana son cikin ɗakin ya tsaya a digiri 15 alhali waje yana 20 ƙasa da sifili, tazarar digiri 35 ke nan, kuma ta bango da silin kaɗai za ka riƙa asarar zafin da ya kai wat 4,600 ba tsayawa. To, a cusa wa bangon audugar gilashi mai R-12, a shimfiɗa mai R-30 a saman silin. Asarar ta sauko ƙasa da wat 1,000. Gaskiya ne cewa wannan lissafi bai haɗa da ƙofa da daɓe da kafofin iska ba, kuma su ma suna cin nasu rabo. Amma ko an ninka sakamakon sau biyu, ɗakin da a da yake buƙatar babbar na'ura da sabuwar waya, yanzu ya dawo wanda ƙaramar hita ɗaya ko biyu za su riƙe.

Bambancin da ke tsakanin wannan kashe kuɗi da wancan shi ne, audugar sau ɗaya ake sayenta, ta zauna a bango shekara da shekaru. Kuɗin wuta ko gas kuwa duk wata ake biya.

Kafin ma a kai ga auduga, akwai aikin da ya fi komai araha, wato toshe kafofi. A zaɓi rana mai iska, a rufe ƙofa, a kashe fitila da rana tsaka. Duk inda haske ya leƙo, iska ma ta nan take shigowa. A garejin da ya kwana biyu, za ka ga siririn layin haske a ƙarƙashin babbar ƙofa inda robar ƙasa ta taurare ta tsattsage, da gefunan ƙofar, da inda katakon bango ya zauna a kan siminti, da kewayen taga. Wani lokaci ma za ka tarar da garin dusar ƙanƙara ya yi layi a cikin ɗaki, daidai bakin kafar. Sabuwar robar ƙofa, da gam ɗin toshe tsaga, da gwangwanin kumfar da ke kumbura ta cike rami, kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na hita mai kyau ba, kuma aikin yini ɗaya ne.

Bayan kafofi, silin ne ya fi cancanta da kuɗin farko. Gareji da yawa ba su da silin sam, ka ɗaga kai ka hango katakon rufi. Iska mai ɗumi sama take tashi, saboda haka a irin wannan ɗaki duk ɗumin yana taruwa can inda babu kowa, yana narkar da dusar ƙanƙarar da ke kan rufi, kai kuma ƙafarka tana daskarewa. Idan aka rufe saman, an rage girman wurin da ake ɗumamawa, an kuma samu inda za a shimfiɗa auduga mai kauri.

Akwai wani abu da sabon zuwa ba zai sani ba sai an faɗa masa. A ƙasa mai sanyi irin Kanada, bayan an cusa audugar, ana lulluɓe ta da leda mai kauri ta ɓangaren cikin ɗaki, a liƙe gaɓoɓin da salatef, sannan a buga allon bango a kai. Dalili kuwa shi ne danshin da ke cikin iska mai ɗumi. Idan ya ratsa cikin bango ya haɗu da katako mai sanyi, sai ya koma ruwa, audugar ta jiƙe ta daina aiki, katako ya fara ruɓewa a ɓoye. Ledar ta ciki take zama, ɓangaren ɗumi. Wanda ya sa ta ta waje ya kulle ruwa ne a cikin bangonsa. Haka kuma masu liƙa fallayen soso mai tauri, irin farin nan da ake tare firji da shi a cikin kwali, su sani yana cin wuta kuma hayaƙinsa guba ne. Dokokin gini suna buƙatar a rufe shi da allon bango, kada a bar shi tsirara a wurin da ake walda ko wasa ƙarfe.

Daɓen siminti matsalarsa daban ce. Yana zuƙe ɗumi daga tafin ƙafa, kuma mutumin da ƙafarsa ta yi sanyi ba ya jin daɗin aiki ko da iskar ɗakin ta yi ɗumi. Ba sai an sake daɓen duka ba. Tabarmar roba mai kauri, ko fallen soso da aka ɗora wa katako, a daidai inda ake tsayawa gaban teburin aiki, ya wadatar. Idan kuma garejin babba ne, aikin a kusurwa ɗaya ake yinsa, a rataya tamfol ko labule mai nauyi daga silin zuwa ƙasa a raba shi. Babu dalilin ɗumama wurin da tayoyi da injin yanke ciyawa suke ajiye.

Sai mu zo kan hitar kanta. Soket ɗin gida a Kanada da Amurka bolt 120 yake bayarwa, kuma yawancin layuka amfiya 15 suke ɗauka. Shi ya sa kusan duk hitar da ake jonawa a soket ba ta wuce wat 1,500, komai girman jikinta da kyan kwalinta. Ta dala 30 da ta dala 200, idan duka wat 1,500 ne, zafi ɗaya suke fitarwa, domin hitar lantarki duk wutar da ta sha zafi take mayar da ita. Kada tallar "mai tsimin wuta" ta ruɗe ka. Inda suka bambanta shi ne yadda suke isar da zafin. Mai fanka tana ɗumama iska da sauri, amma tana hura garin katako a kan waya mai zafi. Mai mai a cikinta, wadda ke kama da radiyeta, tana jan lokaci kafin ta ɗauka, sai dai ba ta da wani abu mai ja da ƙura za ta faɗa wa, kuma ita na fi natsuwa da ita a wurin kafinta. Ta uku ita ce mai haskawa, wadda ake ratayawa a sama: ita jikin mutum da teburi da kayan aiki take ɗumamawa kai tsaye, kamar yadda hantsi ke yi. Ga mai shiga ɗakin awa ɗaya ko biyu da yamma, a ginin da ba a gama gyara ba, wannan ta fi kowace ma'ana, domin kana kunnawa za ka ji ta a kafaɗa.

Akwai tarkon da kusan kowa ke faɗawa. Hita mai wat 1,500 tana jan amfiya 12.5, wato ta kusa cinye layin amfiya 15 ita kaɗai. Garejin da ke ware da gida sau da yawa layi ɗaya tak aka ja masa, wanda fitila da soket da injin buɗe ƙofa duk suke kai. Hita tana aiki, ka danna injin zarto, sai ɗif, wuta ta yanke, ɗaki ya yi duhu, ruwan zarton kuma bai gama juyawa ba. Wannan haɗari ne na gaske. Wasu sai su ja doguwar siririyar waya daga cikin gida, ta bi ta kan dusar ƙanƙara. Irin wannan waya tana zafi, bakin filogi ya narke, kuma hukumomin kashe gobara kullum suna gargaɗi a kai: hita a jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, a kuma bar tazarar mita ɗaya tsakaninta da duk abin da zai iya kamawa. Mafita mai ɗorewa ita ce a kira ma'aikacin wuta mai lasisi ya ja layin bolt 240. Da shi za a iya rataya hita mai wat 4,800, wadda ta ninka ƙaramar fiye da sau uku, injuna kuma su samu nasu layin daban. Aikin yana buƙatar izinin hukuma, kuma idan sai an haƙa rami an binne waya daga gida, kuɗin zai yi nauyi. A nan ne ake gane amfanin audugar da aka fara sa wa: mai yiwuwa ma ba za a buƙaci wannan aiki ba.

Nawa wutar za ta ci? Hita mai wat 1,500 tana shan yunit ɗaya da rabi a awa. Manitoba tana cikin wuraren da wuta ke da araha, domin mafi yawanta daga madatsun ruwa na kogin Nelson take zuwa, kuma yunit yana kusan senti 10 a kuɗin Kanada. Aikin awa takwas ke nan bai wuce dala ɗaya da 'yan kai ba. Lardin Kebek ma haka yake da arahar wuta. Amma wanda ke Ingila, inda kuɗin yunit ya ninka wannan sau uku ko fiye, lissafinsa zai fito daban, kuma kada ya ɗauki shawarar mutumin Winnipeg ido rufe. Kowa ya ɗauko takardar kuɗin wutarsa ya duba farashin yunit, da shi zai auna duk wani makamashi.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya a saurara da kyau, domin a nan ake rasa rai. Hitar da ta fi jan hankalin mai ƙaramin ƙarfi ita ce mai ƙona gas ko kananzir a cikin ɗaki ba tare da bututun fitar da hayaƙi ba. Akwai mai kama da bututun igwa da ke huro wuta da ƙara, akwai wadda ake ɗaurawa a kan tukunyar gas. Suna da arahar saye, ba sa buƙatar a ja sabon layin wuta, kuma cikin minti goma ɗaki ya ɗau zafi. Amma duk abin da wutar ta fitar, a cikin iskar da kake shaƙa yake zama.

Abu na farko da take fitarwa ruwa ne, kuma mutane ba sa yarda sai sun gani. Kowane kilo ɗaya na gas ɗin furofen da ya ƙone yana sakin fiye da kilo ɗaya da rabi na tururin ruwa. Tukunyar da aka saba da ita, mai kilo 9, idan ta ƙare ta zuba kusan lita 15 na ruwa a iskar ɗakin. Hita mai matsakaicin ƙarfi tana iya shanye tukunyar cikin awa 14. Ina ruwan zai je? Zai nemi abu mafi sanyi ya kwanta a kai, kuma a ɗakin sana'a abu mafi sanyi shi ne ƙarfe. Fuskar injin zarto da ta kwana a digiri 20 ƙasa da sifili takan yi gumi kamar an fesa mata ruwa, ka shafa yatsa ya bar sawu. Washegari sai ka tarar da jan tsatsa ya bazu a kai, kurfi da sukundireba da ma'auni duk sun yi ɗigo-ɗigo. Katakon da aka busar da kyau shi ma ya sha danshi ya kumbura, a haɗa kujera da shi, ta shiga gida mai bushewa gaɓoɓinta su saki.

Abu na biyu shi ne iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Tana fitowa ne idan wuta ba ta samun isasshiyar iska, wato daidai yanayin ɗakin da aka toshe wa kafofi. Lura da wannan: gyaran da ya sa ɗakin ya riƙe ɗumi, shi ne kuma ya sa irin wannan hita ta ƙara zama haɗari. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala mai jawo barci, abubuwan da mai aiki zai ɗauka gajiya ce kawai. Mu ba baƙin wannan musiba ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kaskon garwashi a daren hunturu suka rufe ƙofa, ko suka kwana da janareto a cikin gida, aka wayi gari babu su. Iskar ɗaya ce. A lardin Ontario, bayan mutum huɗu 'yan gida ɗaya sun rasu a garin Woodstock a 2008 sanadiyyar toshewar bututun hayaƙi, majalisar lardin ta zartar da dokar Hawkins-Gignac a 2013, wadda ta wajabta sa na'urar gargaɗin wannan iska a gidajen da ke ƙona makamashi. Duk ɗakin sana'ar da ake kunna wuta a cikinsa ya kamata ya samu irinta. A duba bayanta kafin a saya, domin da yawa ba a ƙera su don aiki ƙasa da digiri 4 ba, saboda haka gara a riƙa shiga da ita a kuma fita da ita maimakon a bar ta tana kwana a cikin ƙanƙara.

Masu ƙera waɗannan hitoci da kansu suna rubuta cewa a bar taga ko ƙofa a buɗe. Idan aka bi wannan ƙa'ida, wani kaso na zafin da aka saya ya fice. Arahar ma a duba ta da kyau: zafin da ke cikin tukunya mai kilo 9 ya yi daidai da yunit 126 na lantarki. A farashin senti 10, dala 12 da senti 60 ke nan. Duk inda cika tukunya ya haura wannan, to lantarki ya fi gas ɗin sauƙi, ba tare da ruwa ko guba ba.

Wutar da hayaƙinta ke fita waje labarinta daban ne. Akwai na'urorin gas da ake ratayawa a silin, irin na kamfanonin Modine da Reznor, masu bututu da ke ratsa bango. Ga mai aiki kullum, yini guda, su ne abin dogaro, musamman samfurin da ke jawo iskar ƙonawa daga waje, wanda ƙura da tururin fenti ba sa isa ga harshen wutarsa. Tsadarsu tana wajen kafawa: ma'aikacin gas mai lasisi, izini, da jan bututu zuwa ginin da ke nesa da gida.

A 'yan shekarun nan wata ƙaramar hita mai shan man dizal ta yi farin jini sosai. Asalinta ta manyan motoci da jiragen ruwa ce, irin ta Webasto da Eberspächer, sai masana'antun Sin suka fito da kwatankwacinta a farashi mai rahusa. Wutarta a rufe take cikin wani ɗan akwatin ƙarfe, hayaƙi yana bin salansa zuwa waje, iska mai ɗumi kuma busasshiya tana shigowa ɗaki. Lita ɗaya ta dizal tana ɗauke da zafin kusan yunit 10, kuma na'urar ba ta cika shan fiye da rabin lita a awa ba. Na fahimci abin da ya sa ake sonta. Sai dai salansar tana zafi ƙwarai, dole inda ta ratsa bangon katako a sa mata hannun riga na ƙarfe da tazara, kuma bakinta ya yi nesa da taga da inda dusar ƙanƙara ke taruwa. Da batir mai bolt 12 take aiki, kuma idan an kashe ta tana buƙatar 'yan mintoci fankarta na juyawa ta huce, don haka cire mata wuta farat ɗaya na iya lalata ta. Babban abin dubawa kuma shi ne, da yawa daga cikin masu arahar ba su da hatimin amincewa na amfani a cikin gini, abin da kamfanin inshora zai iya kafa hujja da shi ranar da wani abu ya faru.

Murhun itace na ƙarfe yana burge kafinta, tunda ga guntayen katako kyauta. Amma bututun hayaƙi mai rufi biyu da ake buƙata sau da yawa ya fi murhun tsada, murhun yana cin fili saboda tazarar da dole a bari tsakaninsa da bango, kuma a Kanada kamfanonin inshora kan nemi shaidar WETT, wato takardar da ƙwararren mai duba murhun itace ke bayarwa, kafin su yarda. Ba a ƙona katakon da aka yi wa maganin ruɓewa, ko mai fenti, ko allon da aka matse da gam. Idan kuma ana ajiye mota ko galan ɗin fetur a ginin, a manta da shi: tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske wuta, kuma wurare da dama doka ta hana haɗa su.

Na'urar da ta fi kowace tsimin wuta ita ce wadda muka sani a gida a matsayin na'urar sanyaya ɗaki mai gida biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Idan aka juya aikinta, sai ta riƙa kwaso zafi daga iskar waje tana shigo da shi. Da yake kwasowa take yi ba ƙirƙira ba, yunit ɗaya na wuta yana iya kawo zafin yunit biyu zuwa uku. Samfuran da aka yi don ƙasashen sanyi suna aiki har digiri 25 ƙasa da sifili, amma ƙarfinsu yana raguwa yadda sanyi ke tsananta, saboda haka a Winnipeg tana buƙatar ƙaramar hita ta taya ta a ranakun da suka fi muni. Tana da tsadar saye, kuma garin katako yana toshe matatarta idan ba a wanke a kai a kai. Ga wanda ɗakin nan ne abincinsa, kuma gidan nasa ne, tana mayar da kuɗinta. Ga ɗan haya mai aikin Asabar da Lahadi, ba ta kai ga haka ba.

Saura tambayar da ake yawan gardama a kanta: a bar ɗakin da ɗan ɗumi kullum, ko a kunna sai za a shiga? Ta fuskar kuɗin wuta zalla, kashewa ya fi araha, domin asarar zafi tana bin tazarar da ke tsakanin ciki da waje ne. Amma kayan aiki suna da nasu buƙata. Farin gam ɗin kafinta yana son digiri 10 ko sama, ba a iska kaɗai ba har a jikin katakon, kuma ya ci gaba da samun haka har ya kama. Idan sanyi ya yi masa yawa sai ya bushe ya yi fari kamar alli, ka ga kamar ya riƙe, ka ɗan buga gaɓar ta rabu. Fentin ruwa idan ya daskare ya narke yakan yi gudaji ya lalace. Batiran litiyam na injunan hannu ba a cajinsu ƙasa da sifili, yin haka yana nakasa su. Ga kuma gumin ƙarfe da ke faruwa duk lokacin da iska ta yi ɗumi da sauri alhali injuna suna nan da sanyinsu.

A ɗakin da aka cusa wa auduga da kyau, abin da ya fi dacewa shi ne a sa hitar lantarki mai ma'aunin kunna kanta ta riƙe wurin a digiri 5, sannan a ɗaga zuwa 13 ko 15 idan za a yi aiki. Mai motsa jiki sanye da rigar sanyi da hula ba ya buƙatar digiri 21 na falo. A ɗakin da ba a gyara ba kuwa, barin hita dare da rana zubar da kuɗi ne. Gara a zuba gam da fenti da batira a bokiti ɗaya a riƙa shiga da su gida, a shafa wa fuskar injuna kakin goge katako a kuma rufe su da tsohon bargo, aikin haɗawa da gam kuma a kai shi ɗakin ƙasa na cikin gida ya kwana.

Ɗan haya ya tuntuɓi mai gida kafin ya buga ƙusa ko ya huda bango, kuma ya fi karkata ga abin da zai iya naɗewa ya tafi da shi: robar ƙofa, labule, tabarmar ƙasa, hita mai haskawa. Mai gida kuma ya kira kamfanin inshorarsa kafin ya kafa duk wani abu mai harshen wuta, ya kuma faɗa musu gaskiya idan sana'ar kuɗi yake yi a ginin, domin inshorar gida ta yau da kullum ba lallai ta ɗauki asarar kasuwanci ba. Aikin toshe kafofi da cusa auduga kuwa a yi shi tun Satumba ko Oktoba, saboda gam ɗin toshe tsaga da kumfar gwangwani yawancinsu ba sa kamawa da kyau idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5.